Faransa ta yar da bindigar FR F2, ta sayo ta Beljiyam: muhawarar daren jiya

Ɗan Damagaram: 'Yan uwa, abin nan ya tsaya min a rai. Jiya a majalisa na ce Faransa ta ci amanar maƙeranta, aka yi min dariya kamar na faɗi shirme. Tun 1966 masana'antar MAS mai ƙera makamai da ke Sant-Etiyen a Faransa ta fitar da bindigar FR F1, aka ɗora ta a kan tsarin tsohuwar bindigar MAS-36. A shekarun 1980 FR F2 ta gaje ta, da harsashin NATO mai milimita 7.62, tana cin mita 800. Yau an rufe MAS tun 2001, an yar da FR F2, an sayo SCAR-H PR daga kamfanin FN na Beljiyam. Ƙasar da ta ƙera sarauniyar bindigogin maharba ta koma saye a maƙwabta. Wannan ba abin kunya ba ne?

Bakatsine: Tsaya malam. Maharba kuma? Maharbi shi ne mai bin barewa a daji da kwari da baka. Soja ba maharbi ba ne.

Ɗan Damagaram: Duk mai harbi maharbi ne. Ka amsa maganar Sant-Etiyen.

Bakatsine: Ba zan amsa ba sai ka gyara. A rediyo gwanayen harbi ake cewa.

Malamin Faransanci: Ku duka kun yi kuskure, ƙannena. Su kansu Faransawa kashi biyu suka raba su. Akwai tireur de précision, mai tafiya cikin ayarin sojan ƙasa, a da shi ke riƙe FR F2. Akwai tireur d'élite, mai kwanton ɓauna daga nesa da bindigar Hécate II ta kamfanin PGM, harsashinta milimita 12.7, tana kai mita 1,800, nauyinta ya kusa kilo 14. Idan za a ba wani sunan gwani, na biyun ne.

Tsohon Soja: Malam, da girmanka, littafi daban, fili daban. A Loyada, kan iyakar Jibuti da Somaliya, a Fabrairun 1976, an yi garkuwa da motar 'yan makaranta. 'Yan GIGN, rundunar Faransa ta musamman, riƙe da FR F1 suka kwanta cikin rana, suka harbi masu garkuwar lokaci ɗaya. Yara biyu sun rasu, Allah ya ji ƙansu, amma an ceto sauran. Ka ce waɗannan ba gwanaye ba ne don bindigarsu ƙarama ce?

Malamin Faransanci: GIGN jandarmomi ne, yallaɓai, ba sojan ƙasa ba.

Tsohon Soja: Jandarman Faransa soja ne, ka tambaya.

Bakatsine: To kun ga? Ko shi bai ce maharba ba.

Yayar Kowa: Ni abin da nake son sani, me ya bambanta F1 da F2 ɗin? Ba wanda ya faɗa.

Tsohon Soja: Hajiya, an sa wa bututun F2 rigar roba. Idan ƙarfe ya yi zafi, kawalwalniya ke tashi a gaban madubin hangen nesa, ta ruɗe ido, kuma na'urar gano zafi ta abokan gaba ta hango ka. Rigar na rage duka biyun. An kuma matsar da ƙafafunta biyu baya, don kada su dami bututun. Amma dukansu harsashi 10 suke ɗauka, kuma sai ka ja sakata da hannu bayan kowane harbi. SCAR ɗin ita ke ɗora wa kanta harsashi.

Ɗan Agadas: Wallahi kuna ba ni mamaki. Waɗannan bindigogin sun zo Sahel da farmakin sojan Faransa na Serval a 2013 da na Barkhane daga 2014, me suka tsinana mana? Sai da Faransawan suka tattara suka bar Nijar a Disambar 2023. Kai kuma Ɗan Damagaram kana kukan maƙeran Faransa?

Ɗan Damagaram: Ƙarfe nake yabo, ɗan uwa, ba mulkin mallaka ba.

Ɗan Agadas: Mai yabon wuƙa ya san mahaucin da ke riƙe da ita.

Bakatsine: Ku 'yan Nijar ku gama rigimarku, amma Hausar da kuka cakuɗa da Faransanci ce ta kawo maharba.

Ɗan Agadas: Kai da rabin maganarka Turancin Ingila ne? Hausar Damagaram ba ta jiran izinin Katsina.

Mai kula da zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: maharba kalma ce ingantacciya, kuma Bakatsine bai kawo hujja ko ɗaya ba, gardama kawai ya zo yi. Malam ya kawo ilimi amma ya kauce. Ɗan Damagaram, ɗan garinmu, ya yi gaskiya tun farko, domin hatta FAMAS, bindigar sojan Faransa ta yau da kullum, da HK416 ta Jamus suka maye gurbinta. Wanda ya sake taɓa Hausar Nijar zan fitar da shi.