Ɗan biri daga Bayelsa: in saya ko in bari?

Mazaunin Agege: Assalamu alaikum. Wani direban motar katako da ke zuwa Bayelsa ya kawo ɗan biri mai ja-ja a ka da baya, wanda hannunsa ba shi da babban yatsa sai ɗan gutsure, kuma yana neman naira 40,000. Tun da aka kawo shi bai ci abinci ba. Ina so in saya domin in cece shi, amma ina tsoron kada sayen ya sa a sake kamo wani. Wanda ya taɓa fuskantar haka ya ba ni shawara.

Hajiyar Idi-Araba: Wa alaikumus salam. An tsuga maka kuɗi, Malam, domin a Epe naira 15,000 aka yi mini tayin jan biri. Ka ba shi ayaba da burodi.

Malamin Kimiyya: Hajiya, wannan ba jan birin da masu wasa ke yawo da shi a Arewa ba ne. Siffar da aka bayyana ta yi kama da jan kolobas na Neja Delta, wanda masana ba su san da shi ba sai a 1993, kuma babu shi ko'ina a duniya sai dazuzzukan fadama na Bayelsa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ganye ne abincinsa, cikinsa kuma mai sassa da yawa ne irin na saniya, don haka burodi da nunanniyar ayaba cutar da shi za su yi. Dokar kare namun daji ta Najeriya ta 1985 ta kare irin waɗannan dabbobi. Ka tuntuɓi gidauniyar kare muhalli da namun daji ta NCF da ke Lekki.

Tsohon Direba: Ni na taɓa saye, naira 70,000 na biya saboda ɗiyata ta ƙwallafa rai. Daga baya mai sayarwar ya gaya mini da bakinsa cewa harbe uwar aka yi, aka ɓamɓare ɗan daga ƙirjinta. Ya daina ci, cikinsa ya kumbura, ya mutu a hannun yarinyar, kuma har yau ba ta son a ambaci maganar. Da na koma wajen mutumin, dariya ya yi, ya ce akwai wani a hanya.

Ɗan Mile 12: Da wannan kuɗin ai gara kwandon tumatir, shi ba ya cizo.

Tsohon Direba: Ɗan'uwa, wannan ba wurin raha ba ne.

Hajiyar Idi-Araba: Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Amma shi Malamin Kimiyya a littafi ya karanta, bai taɓa riƙe biri ba.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai abin da Alhaji ya gani shi ne abin da na faɗa.

Mai Katako a Ebute Metta: Kullum maharbi ake zargi. Ni katako nake saya, kuma ina ganin yadda gungumen da ke isowa Legas ta ruwa suke ƙara sirancewa, alamar manyan itatuwan sun ƙare. Ga malalar ɗanyen mai da ta kashe kifi, masunta suka koma sara da farauta. Mutanen Apoi da ke Bayelsa sun keɓe wa birin nan daji, amma wa ke duba takardun masu sara a sauran wuraren? Mu a shingen hanya kuɗi kawai ake karɓa a hannunmu, ba a taɓa tambayarmu daga wane daji kayan suka fito ba.