Wace Kalma Za Mu Ba Lu'ulu'un Matan Rum?

'Yan'uwa masu nazarin harshe, ina rubutu a kan kayan adon tsohuwar Daular Rum, sai kalma guda ta tsayar da ni, wato abin da Rumawa suke kira margarita da Latin, farin ƙwallon nan mai sheƙi da ake samu a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu. Sunansa na asali a wurinmu lu'ulu'u ne, daga Larabci, kuma shi ne wanda aya ta 22 ta Suratur Rahman ta ambata tare da murjani. Matsalar ita ce, a yau idan aka ce lu'ulu'u a labaran rediyo, daimon da ake haƙowa daga ƙasa ne yake zuwa zuciyar mai sauraro.

Wannan ruɗani yana ɓata tarihi. An tono 'yan kunnen zinariya a birnin Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya: ɗan sandan zinariya ne a gicciye, da ƙwallayen margarita biyu ko uku suna reto a ƙarƙashinsa. Pliny, wani masanin tsohuwar Rum, ya ce mata suna kiransu crotalia, domin suna jin daɗin ƙarar da ƙwallayen ke yi idan sun bugi juna, abin da ni zan kira 'yan kunne masu kacau-kacau. Duk wanda ya ɗauka daimon ne ba zai gane siffar ba, tunda Rumawa ba su iya feƙe daimon ba, a ɗanyensa suke dasa shi a zobe. Haka labarin Kiliyobatara, sarauniyar Masar, wadda aka ce ta narkar da lu'ulu'unta a ruwan tsami ta shanye. Da daimon ne, ai ba zai narke ba. 

Na fara tunanin "lu'ulu'un teku", ganin cewa daga Bahar Maliya da Tekun Fasha da gaɓar Indiya ake kawo musu shi, amma akwai wanda ake samu a koguna. Saboda haka shawarata ita ce mu tsaya a kan "lu'ulu'un ruwa", mu bar wa na ƙasa sunan daimon. Idan maƙeran zinariya ko masu sayar da tsakiya a Kasuwar Kurmi suna da wata tsohuwar kalma, ina roƙon a kawo ta mu auna.