Me ya taɓa sa ku rufe shafin ɗan kasuwa ba ku sayi komai ba?

Mai atamfa, Kasuwar Gumi, Kaduna:
Salam jama'a. Ina sayar da atamfa da leshi, yarana sun matsa min in buɗe shafin intanet saboda kwastomomin Abuja da Kano. Kafin in zuba kuɗina ina so in ji daga bakinku, wanda duk ya taɓa shiga shafin wani da niyyar saye ya fita bai saya ba, dan Allah ya faɗa mana dalili.

Maman biyu, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai farashi ne. Lokacin bikin ƙanwata ina neman kayan kicin na samu wani shafi kaya masu kyau wallahi, amma ƙarƙashin kowace tukunya sai ka ga an rubuta a tuntuɓe su don jin kuɗi, na danna wajen tuntuɓar sai ga fom wai in sa imel da lambar gidan waya ta unguwarmu da sunan kamfanin da nake aiki, tukunya fa zan saya. Na daure na cika har yau ba wanda ya neme ni. Washegari na shiga Kasuwar Barci na gama sayayyata.

Ɗan Rigasa:
Nauyin shafi ne nawa. Baƙo zai sauka min a jirgin ƙasan Abuja da yamma, ina tsaye a tasha ina nema masa otal a waya, sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa, shafin otal ɗin kuma abu na farko da ya fara jawowa bidiyo ne mai kiɗa wanda ban ce a kunna min ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data a 2025 kowa lissafin megabait yake yi. Da ya buɗe da ƙyar sai na tarar lambar wayarsu a cikin hoto take, ba a danna ta ba a kwafe ta, sai da na aro biro na rubuta a tafin hannu, na kira kuma a kashe. Wani wajen na kai baƙon.

Malama daga Malali:
Tsohon bayani. Na ga kujeru a shafin wasu masu kayan ɗaki da kuɗinsu a rubuce, na hau Keke Napep na je har shagon, yaron ya ce ai Hajiya wannan farashin tun kafin a cire tallafin mai ne a 2023. Raina ya ɓaci sosai dan sai na ji kamar da gangan aka bar shi a jawo mutane. Adireshin ma wai "Ahmadu Bello Way, Kaduna" kawai, titin da ya ratsa tsakiyar gari, ba lambar shago ba kusa da kaza.

Mai kayan waya, Kawo:
Hajiya ku yi mana adalci a maganar farashi. Mu da kayanmu ke bin dala, abin da ka sayar da safe ba lallai ka iya sarowa a haka da yamma ba, in ka rubuta kuɗi gobe ya canja a ce kai maƙaryaci ne, in ba ka rubuta ba a ce kana ɓoyewa.

Malama daga Malali:
Gaskiyarka Malam, amma a rubuta ranar da aka sa farashin a gefe mana, ko a ce daga naira kaza zuwa kaza. Mutum dai ya san ko aljihunsa zai kai kafin ya biya kuɗin mota.

Mai haɗa shafuka, Barnawa:
Sana'ata ke nan, kuma duk abin da kuka faɗa daga wuri ɗaya yake tasowa. Mai haɗa shafi yana zaune da laftof da intanet mai ƙarfi, ya nuna wa mai kaya a babban allo kowa ya ce ma sha Allah, ba wanda ya ɗauki ƙaramar waya ya fita waje ya gwada da data, alhali masu sayen da waya za su shigo. Hoton da waya ke ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5, ka zuba guda 20 a shafin farko ka ga abin da ka ɗora wa mutum, bayan ana iya matse kowanne ya dawo kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. Sai kuma gargaɗin nan na "Not secure", wato ba tsaro, tun 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke nuna shi a kan duk shafin da adireshinsa bai fara da https ba, kuma takardar tsaron da ke ba shafi https ɗin kyauta ake samunta a wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, dan haka kar wani ya ce maka sai ka biya maƙudan kuɗi. Lambar waya a sa ta yadda ana dannawa za ta kira, a sa maɓallin WhatsApp, mutanenmu sun fi sakin jiki da saƙon murya a kan cika fom. Alhaji abin da na fi so ka riƙe shi ne sunan shafin, wato adireshinsa, duk shekara ake sabunta shi, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA mai kula da sunayen shafuka na Najeriya, ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka yi rajista ba na wanda ya haɗa maka ba.

Maƙeri, Panteka:
Wannan ta ƙarshen ita ta same ni. Ƙofofi da tagogi muke yi, wani yaro ya haɗa mana shafi muka buga adireshin a kati da jikin mota, ya tafi bautar ƙasa ya canja layi, shekara na zagayowa shafin ya mutu ba mu ma sani ba sai da wani ɗan kwangila ya kira ni yana tambaya ko mun rufe ne. Komai da imel ɗin yaron aka yi. Katunan suna nan a durowa ba su da amfani, kamar ka gina shago a filin aro ne mai fili ya tafi da takarda.

Amaryar Kinkinau:
Ni abin da ke sa in gudu hoton aro ne. Shagon ɗinki a Kaduna amma duk hotunan Turawa ne a wani ofis mai gilashi, ko hoton da na riga na gani a Instagram ɗin wata can daban. Ku ɗauki ɗinkinku da shagonku ko da hasken bai yi kyau ba, na fi yarda da shi. Alhaji kuma ka sa Hausa a ciki dan Allah, mamana tana karanta Hausa sarai amma in ta ga Turanci zalla sai ta miƙo min wayar, kuma irinsu ne masu sayen leshi mai tsada.

Direba, Mando:
Wajen biya aka rasa ni. Batirin sola zan saya, na zaɓa na gama sai aka ce in yi transfa, na sa lambar akawun sai ga sunan wani mutum daban ya fito wanda ba shi da alaƙa da sunan kamfanin, ba lambar rajistar kamfani ta CAC a ko'ina a shafin, ba bayanin in kaya ya zo da matsala wa zan nema. Wataƙila mutanen kirki ne, amma da irin damfarar da ake yi yanzu ba zan tura kuɗi masu yawa haka ba. Na kira na ce zan biya in kaya ya iso tashar Mando na gani da idona, suka ce ba sa yin haka, na ce to a bar shi.