Neman shawara: kayan gefen kujerar matuƙi da na saya a wurin 'yan gwangwan

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake sha'awar jirgin sama, kuma na daɗe ina harhaɗa ɗakin tuƙi na kwaikwayo a gida, duk da cewa maiɗakina tana ganin ɓarnar kuɗi ce, yayana kuma ya daina yi mini magana a kan batun. Kwanan nan na sayi wani ɓangaren bangon ɗakin matuƙa da mai sayarwa ya ce daga Boeing 727 aka ciro shi. Akwai wani hannu mai siffar rabin da'ira, da ƙaramin akwati mai rubutun NORMAL da 100%, da jerin maɓallai baƙaƙe masu lambobi 5 da 10. Mene ne aikinsu, kuma da gaske na 727 ne?

Baba Injiniya: Wa'alaikumus salam. Hannun nan shi ne abin da kyaftin yake murzawa da hannun hagu don karkata tayar gaba idan jirgi yana tafiya a ƙasa, don haka ɓangaren hagu ka saya. Akwatin na iskar oksijin ne: a NORMAL yana gauraya ta da iskar ɗaki, a 100% kuwa zallarta yake bayarwa, kamar lokacin da hayaƙi ya tashi. Maɓallan masu katse wuta ne, lambobin kuma ampiya ne, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikinsu. Amma da ido kawai ba a raba 727 da jirgin Boeing 737-200, domin hancinsu kusan iri ɗaya ne, dukansu sun gaje shi daga jirgin Boeing 707. Ka duba farantin lamba da ke bayansa, ka turo mana.

Ɗan Zariya: Baba, ni ina ganin allon injiniyan jirgi ne, tunda 727 mutum uku ke tuƙa shi.

Baba Injiniya: Ɗana, injiniya yana zaune ne bayan mataimakin matuƙi yana fuskantar dama, allonsa cike da agogunan janareto, da na man jirgi, da na matsin iska. Ba ya tuƙa taya. Na yi shekaru a kan wannan kujera.

Tsohon Makanike: Mu da muka yi wa waɗannan jirage hidima, an daina ƙera 727 a 1984, aka bar mu muna faci har suka mutu, kamfanin da na yi wa aiki kuma har yau bai biya mu haƙƙinmu ba, sai ga shi ana sayar da jiragen a kilo. Malam, ka mayar da kayan a ba ka kuɗinka.

Mai tambaya: Na gode, Baba, amma farantin na riga na goge shi da sanfefa na fesa fenti, saboda tsatsa ta cinye shi, kuma kowa a matsayina haka zai yi. Mai sayarwar dattijo ne, ba zai yi mini ƙarya ba. Yanzu abin da nake so in sani shi ne ko zan iya haɗa fitilunsa da wutar gida.

Baba Injiniya: Kada ka kuskura. Wutar jirgin bolt 115 ce mai zagaye 400 a daƙiƙa, da kuma bolt 28, tamu ta gida kuwa 230 ce mai zagaye 50.

Ɗan Zariya: Ni dai har yanzu ina son ganin hoto.

Mai tambaya: Wayata ta lalace, amma mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce zai gwada gobe.