Wa ke ciyar da wa, mu ko 'yan Najeriya?

Ɗalibi (Yamai): Salamu alaikum 'yan zaure. Na faɗa jiya kuma ban janye ba: Najeriya ta fi buƙatarmu, mu 'yan Nijar, fiye da yadda muke buƙatarta. Shanu namu, raguna namu, wake namu, albasa tamu. A 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke kuran. Wata bakwai aka yi, ga mu da ranmu.

Mai albasa (Galmi): Wa alaikumus salam. Ɗana, kai kana da ranka, albasata ce ba ta da nata. Albasa ba gero ba ce da za ka zuba a rumbu ka jira shekara. Wadda na loda ta yi kwanaki cikin kamyo, ƙasan buhuna ya fara ruwa, na sayar da ita kuɗin da ko na dako bai biya ba.

Ɗalibi: Baba, ai albasar Galmi Gana da Abijan take zuwa, ba Najeriya ba. Su ma suna noma tasu a Sakkwato da Aliyaro.

Mai albasa: Nan ka yi gaskiya. To amma takin da na zuba mata, da injin ban ruwa, da esansin da ya sha, daga ina suka shigo? Tambayi kowane mai garka daga Galmi har Madawa.

Mushe (Tawa): Ku bari in sa baki. Maganar kuran ba ta wasa ba ce. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, layin Yamai kuwa ta Birnin Kabi yake bi. Kai da ke Yamai ka fi mu sanin daren da kuka kwana a waje saboda zafi. Ka kuma duba taswira. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, zuwa Yamai ya haura 400. Mai ciwo ko mai kaya, ina ka ga zai nufa?

Ɗalibi: Mushe, wannan ai sakacin gwamnatocin baya ne. Muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana. Muna da siminti a Malbaza. Ga tashar hasken rana ta Goru Banda.

Direba: Hahaha. A watan Maris na 2025 ina kake? Ni na kwana layin esansi. Shekara da shekaru rabin motocin Adar man bidon suke sha, wanda ake ketowa da shi ta daji. Da Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, man can ya yi tsada, 'yan bidon suka watse, kowa ya koma gidan mai, sai SORAZ ta kasa ɗaukar kowa. Ashe Abuja ce ke biya mana rabin kuɗin mai ba mu sani ba.

Hajiya (Ƙonni): Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni ina iyaka, ina ganin Illela daga bakin shagona in an yi sa'ar yanayi. Rufe iyaka bai taɓa tsayar da kaya ba. Buhari ya rufe ta a Agustan 2019 har Disamban 2020, shinkafa ta daina shiga? Kabu-kabu ne suka yi kuɗi, da masu tsaron hanya. Iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, kuma gonar wani rabi nan rabi can, wa zai tsare ta? Abin da ya karya mu naira ce. A da in mutumin Illela ya zo da naira, mu karɓa ba gardama, har cefane da ita muke yi nan cikin Ƙonni. Da gwamnatinsu ta saki farashinta a tsakiyar 2023, jaka ɗaya ta sefa ta haye naira 2,000. Wanda ke sayen atamfa turmi goma a wurina ya koma uku, sannan ya koma gaisuwa ta waya.

Ɗalibi: To Hajiya, ai hujjata kenan. Kuɗinmu ya fi nasu ƙarfi.

Hajiya: Ƙarfin da ya kore maka mai saye, ina amfaninsa? Ka kai sa kasuwar Illela ranar Lahadi, su ba ka naira cike da leda, ka zo wurin 'yan canji ta koma abin da bai kai kuɗin dusa da harawa ba. Amma in kai ne mai saye, to, sai ka ji daɗi: masara, omo, robobi, taliya, duk sun yi araha. Shi ya sa ma'aikaci mai albashin sefa ke murna, makiyayi na kuka.

Mushe: Ga kuma 'yan cin rani. Gida nawa ne a Adar da ba su da ɗa a Legas ko Kano ko Fatakwal? Abin da suke aikowa ya ragu da rabi ba tare da sun rage aiki ba.

Ɗalibi: Amma da gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, sannan ta hana fitar da bisashe kafin layyar 2025, wa ya yi kuka? Su! Rago ya gagari mutane a Kano.

Dillalin bisashe: Ya gagare su, ban musa ba. A Yamai kuma ya yi sauƙi, kuka yanka kuka ji daɗi. Ni kuwa raguna talatin na yi wa kiwo da bashi, da niyyar Illela. Wanda ya ba ni bashin bai san wata doka ba. Su sun rasa nama na kwana ɗaya, ni na rasa jarin shekara.

Direba: Wake ma haka. Mu nawa ne ke cin wake a Nijar da za mu cinye abin da ake nomawa? Ƙosai da alalen kudu ne kasuwarsa.

Ɗalibi: Ni dai ban gamsu ba. In mun daure, sarrafa kayanmu za mu koya, mu daina tura sa da ƙafarsa.

Mai albasa: Allah Ya nuna mana, ɗana, ba na ƙi. Kafin nan Hajiya, nawa jaka take yau wurin 'yan canji? Akwai wanda zan aika Illela gobe ya ɗauko mini bututun ban ruwa.

Hajiya: Bari yaro ya dawo daga tasha, Alhaji. Farashin safe ba shi ne na la'asar ba.