Musayar waƙa: wa zai fara ajiye nasa?

Gwanin Fagge:
Salamu alaikum jama'a, jiya da daddare na kunna rediyo na ji ana ta ja-in-ja kan nukiliyar Iran, wai a bincike ta wai a hana ta, su kuwa masu hanawar rumbunsu cike yake da abin, shi ne barci ya ƙi zuwa na kama biro. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ba", mai jin ƙarfi ya shigo.

Bismillah na fara, Allah ba ni basira,
Zancen makamai ne, ban zo da wasa ba.

Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, ga Sin,
Su biyar suna da bom, ba su ce za su yar ba.

A 1968 aka kawo takardar hana yaɗa bom,
Kowa ya sa hannu, ba a yi musu ba.

Sun ce ku bar ƙira, mu ma za mu rage,
Shekara hamsin ta wuce ba mu ga ƙarshe ba.

Kura ke wa'azin a bar cin akuya,
Jinin bakinta ma ba ta goge ba.

Inna Zazzau:
Bakano ka ce kowa, ashe ba ka karatu,
Indiya da Pakistan ba su taɓa sa hannu ba.

Isra'ila ta yi gum kamar an shuka dusa,
Koriya ta Arewa ta fice a 2003 ba ta waiwayo ba.

Kai dai ka ƙirga atamfa can a Kwari,
Lissafin ƙasashe bai dace da ɗan kanti ba.

Bakatsine:
Kai! Inna ta shigo da ƙafar dama. Allah ya ƙara basira Inna, ɗan kanti ya sha ƙasa tun a turmin farko

Gwanin Fagge:
Bazazzagiya sannu da ƙoƙarin gyara,
Na ce kowa, ban ce har da 'yan taurin kai ba.

Ku da ke da injin nukiliya a Samaru,
Har yau aci-balbal ba ku rabu da ita ba.

Inna Zazzau:
Hhhh ka ji jahilci da rana tsaka, wannan injin na bincike ne ɗana, kilowat 30 ne kacal, ko unguwarku ba zai haska ba, tun 2004 yake aiki a cibiyar makamashi ta ABU ana gwajin ƙasa da ma'adinai da shi. Kuma a 2018 an cire masa yuraniyom mai ƙarfin nan irin wanda ake iya haɗa bom da shi aka mayar wa Sin kayanta, aka zuba masa mara ƙarfi. Ka ga ke nan mu Zazzagawa mun ajiye namu.

Mun miƙa namu da hannu biyu lafiya,
Ku ko bashin goro ba ku taɓa biya ba.

Ɗan Arlit:
Ku yi ta cacar baki, ni ke da dutsen a gida,
Tun 1971 ake haƙa, ba mu ga riba ba.

Yuraniyom ɗinmu ya haska birnin Paris,
Mu ƙura muka sha, ba mu san fitila ba.

Sannan aka ce wai mun sayar wa Saddam,
Takardar jabu ce, ba ta ko yi kama ba.

El-Baradei ya tona a gaban Majalisa,
Duk da haka Bagadaza ba ta tsira ba.

Abin da ke ba ni dariya har yau, wasiƙar da suka ce daga Yamai ta fito sunan ministan da ke jikinta ya fi shekara goma da barin kujera, a watan Maris 2003 hukumar nukiliya ta duniya, wadda El-Baradei ke shugabanta a lokacin, ta ce takardun ba na gaske ba ne, kafin watan ya ƙare an shiga Iraƙi.

Gwanin Fagge:
Ɗan Arlit mun san ka, Badamagare ne kai neman kuɗi ya kai ka arewa, to saurara.

Da Faransa ta tashi bom a hamadar Reggane,
A 1960, Balewa bai yi shiru ba.

A 1961 ya kori jakadanta daga Ikko,
Ku sai 2023 kuka farka, ba ku ji kunya ba.

Bakatsine:
Wannan kam ta shiga, gaskiya Gwani ya rama. Amma dai har yanzu Inna ce a gaba

Ɗan Arlit:
Kun kora, kuka koma kuka sha shayi tare,
Fushin Bakano ba ya kai la'asar ba.

Mu a 2000 mun ƙona bindigogi a Agadas,
Wutar sulhu ce, ba ta girkin tuwo ba.

Ku kun sa hannu a Abuja a 2006,
Kan ƙananan makamai, ba ku kama ko harsashi ba.

Malamin Aruli:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in katse ku, tun ɗazu nake karantawa kaina na sarawa. Inna, ɗangonki na Koriya na zauna na ƙirga, gaɓa 24 ne cif idan aka karanta shekarar da baki, ɗan'uwansa na sama ko kusa bai kai ba, wane kari ne wannan? Ba Kamil ba ne ba Mutadarik ba ne ba Rajaz ba ne. Ɗan Arlit kuma "ba ya kai la'asar ba" ba Hausa ba ce, ka liƙa "ba" ne don amsa-amo ya fita. Kuma ni a ganina maimaita kalma ɗaya a ƙarshen kowane baiti lalaci ne ba gwaninta ba.

Inna Zazzau:
To ga ɗan sandan waƙa ya iso.

Malam mai awo, ka zo da mudu da tiya,
Baiti ɗaya naka ba mu taɓa gani ba.

Makaɗan fada sun yi shekaru suna waƙa,
Ko mutum ɗaya bai tambayi Kamil ba.

Malamin Aruli:
Makaɗi yana da kalangu ko taushi da ke riƙe masa kari, ke mene ne ke riƙe miki? Rubutacciyar waƙa daban waƙar baka daban, kada a cakuɗa.

Ɗan Arlit:
A Damagaram haka muke faɗa Malam, in ba ta yi maka ba ka shigo mota ka zo Zinder ka gyara mana

Malamin Aruli:
Na zauna da mutanen Damagaram shekara da shekaru ban taɓa jin haka a bakinsu ba, kada ka ɗora musu.

Gwanin Fagge:
Malam ya yi gaskiya kan Inna, amma batun "ba" ban yarda ba, ni na kafa shi kuma na tsaya a kai

Bakatsine:
Da ma ai za ka ce haka tunda an taɓa Inna. Hassada ce kawai

Autan Gusau:
Kwana biyu ba sabis a wajenmu sai yanzu na ga abin, kuma ku gafarce ni ba zan bi amsa-amonku ba.

Ni bom bai taɓa shiga ƙauyenmu ba 'yan'uwa,
Kalashi ce ke zuwa bisa babur tana kuwwa.

Gaddafi ya miƙa kayan bom don neman shiryawa,
Shekara takwas tsakani aka yi masa rugurguzawa.

Rumbunsa ya fashe, makami ya bi hamada da watsuwa,
Ya ratsa Mali da Nijar, dajinmu yake isowa.

Gonar ubana shekara uku ba a nomawa,
Ku kuna ƙirga gaɓa, mu muna ƙirga gawa.

Inna Zazzau:
Innalillahi. Allah ya kawo muku sauƙi Auta, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗan Arlit:
Amin. Baitin ƙarshen nan ya fi duk abin da muka rubuta

Gwanin Fagge:
Amin ya Allah. Amma Auta ka taimaki maganata ne ba ka sani ba.

Gaddafi ya ajiye, ka ga yadda ta ƙare,
Yukren ta miƙa nata, ba a bar ta ba.

A Budapest a 1994 aka yi mata alkawari,
Rasha na cikin masu rantsuwa, ba ta cika ba.

Na Koriya ya riƙe nasa yana ta dariya,
Har yau ko tsakuwa ba a jefa masa ba.

Inna Zazzau:
Ɗan kanti ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi,
Afirka ta Kudu fa, ba ka ambace ta ba.

Guda shida ta ƙera, ta kwance su da kanta,
Har yau wani bai kai mata yaƙi ba.

Takardar Pelindaba ta ce ba bom a ƙasar Afirka,
A Alƙahira a 1996, ba ka ji labari ba.

Kuma a 2017 ƙasashe 122 suka kaɗa ƙuri'ar haramta bom ɗin gaba ɗaya, Najeriya ta tabbatar da tata ranar 6 ga Agusta 2020, daidai ranar da aka jefa wa Hiroshima, ka je ka tambaya

Gwanin Fagge:
Na sani Inna, amma a cikin masu bom ɗin wa ya sa hannu? Ko ɗaya.

Awaki sun yi taro sun haramta cin nama,
Kura tana gida, ba ta aiko wakili ba.

Bakatsine:
Ka maimaita kura sau biyu Gwani, dabbobin dawa sun ƙare ne?

Malamin Aruli:
Na duba na Auta, duk da ya sauya amsa-amo ba da izini ba, shi kaɗai ne kunnensa ke jin kari a nan. Inna kuma ɗangon Alƙahira ya sake zarcewa.

Inna Zazzau:
Malam don girman Allah kawo naka baiti ɗaya tak mu ma mu auna

Malamin Aruli:
Ina nan ina shirya shi, sai bayan isha'i.

Ɗan Arlit:
Isha'in wace rana Malam?