Shawarwari Kan Noma a Cikin Birni

A wata tattaunawa da na saurara kan noma a cikin birni, an fi daɗewa ana magana kan zafi. Kwalta da siminti kan sha rana wuni guda, su riƙa amayar da zafin cikin dare, ganye kuwa danshi yake fitarwa ya sanyaya wuri. Saboda haka aka ce a shuka duk inda sarari ya samu, ko a buhu ne, ko a saman bene, muddin rufin zai ɗauki nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Lambu kuma yana shanye ruwan sama kafin magudanai su cika. An tuna yadda Havana, babban birnin ƙasar Kuba, ya mai da kangaye lambuna bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991.

Gargaɗin da ya fi tsaya mini a rai: ƙasar bakin titi takan ƙunshi dalma. A zuba sabuwa, kuma kada a yi ban-ruwa da dagwalon masana'antu.